Muryar da Ta Rage a Bakin Na'ibi

Birnin Gwari, farkon watan Safar

Zuwa ga taubashiyata Bushira, likitar awaki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya karatu, yaya Zariya da mutanenta? Idan kin leƙa Gwaggo Ma'u ki ce mata ta'aziyyarta ta iso, Allah ya bar zumunci. Mu nan da sauƙi. Ƙafafuna ne suka kumbura, amma Magdalena, maƙwabciyarmu mai aikin asibiti, ta duba ta ce na masu ciki ne, in rage gishiri.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka rufe layin waya a ƙasar nan, wayoyinmu sun koma tocila. Bakoji direba ne zai kawo miki wannan, yana bin ayarin motocin da sojoji ke rakawa Kaduna, daga can ya wuce Zariya ɗaukar kaya. Rabona da biro tun muna sakandare, sai ki yi haƙuri da rubutun. Kin san da kakarki da kakana suka zo rabon gadon gidansu, ita ta ɗauki ƙwaƙwalwa, shi ya ɗauki taurin kai.

Tun da 'yan bindiga suka kashe mijina Ladan Yusha'u a gonarsa farkon damina muka baro Gwaska. Ina gidan Kawu Salmanu, ƙanen mahaifinsa, ina takaba, kuma ba zan fita ba sai na sauka. Ko zaure ba na takawa. Abin da na fito da shi daga ɗakina bai wuce kayan jikina da kejin Na'ibi ba.

Ba ki san Na'ibi ba, don ba ki zo bikina ba, kuma ban manta ba. Aku ne mai ruwan toka da jan wutsiya, Ladan ya zo da shi daga Kurmi tun yana saurayi. Masallacin da yake ladanci yana jikin gidanmu, shi ya sa tsuntsun nan ya haddace kiran salla da muryar Ladan sak, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara. Wata rana ya kira azahar da hantsi, tsofaffin unguwa suka ɗauko butoci suka hallara, shi kuwa Ladan yana gona. Daga ranar ya samu sunansa.

Bushira, wayar Ladan ta tafi da waɗanda suka kashe shi. Ba ni da muryarsa a ko'ina duk duniya sai a bakin tsuntsun nan. Jariran Gwaska da yawa shi ya yi musu kiran salla a kunne ranar haihuwa, nasa ne kaɗai ba zai yi wa ba. Na san tsuntsu ba ya huɗuba, Kawu ne zai yi wannan, ban zare ba. Burina ɗaya ne, ranar da na sauka a ajiye kejin kusa da ni, abin da na haifa ya ji muryar ubansa ko sau ɗaya.

To ga shi Na'ibi ba shi da lafiya. Ya rage cin abinci, yana zama a takure gashinsa a tashe. Idan ya ci kaɗan sai ya girgiza kai ya dawo da shi, har gashin kansa ya jiƙe ya manne. Kiran sallar ya fara yankewa a tsakiya, murya a dishe. Inna Muslimat, matar Kawu, ta ce abin da ke kama kaji ne, muna fasa masa ƙwayar nan ja-da-yalo a ruwan sha kamar yadda take yi wa nata. Ina kuma lasa masa zuma, an ce zaƙi yana sakin harshen aku.

Ke kika karanci dabbobi. Ki gaya mini abin da zan yi. Bakoji zai biyo ta wajenki kafin ya juyo.

Taki,
Juwairiyya

*

Zariya, tsakiyar Safar

Zuwa ga Juwairiyya, magajiyar taurin kai,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, karatu kuma ana ta fama. Gwaggo Ma'u tana gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi. Allah ya jiƙan Yaya Yusha'u, ya sa aljanna ce makomarsa, ya sauke ki lafiya. Batun biki kuma, jarrabawa ce ta tsare ni, kin sani sarai, amma tunda mita ce abincinki, ci ki ƙoshi.

Na yi dariyar tsofaffin nan da butocinsu har 'yar ɗakinmu ta ce ko na samu miji ne. Da na kai ƙarshen takardar kuma sai dariyar ta ƙare. Ba wanda zai ce kin zare, Juwai. Ni da nake nan ma ina so in ji muryar nan.

Gaskiya ɗaya ce, mu shanu da awaki da kaji ake koya mana, ban taɓa riƙe aku a hannuna ba. Akwai wani malaminmu da ya san tsuntsaye, amma ya yi tafiya, sai ya dawo zan kai masa maganar. Kafin nan, abin da kika faɗa ya yi mini kama da mura. Tsuntsun Kurmi ne, kun canja masa gida da damina, wataƙila sanyi ne ya shige shi. Ƙwayar da kuke ba shi ana ba kaji ita, ba laifi. Tunda kun riga kun fara, kada ki yanke, don yanke magani a tsakiya shi ke ƙara wa cuta ƙarfi. Ki rufe kejin da zane idan iska ta taso, ki ajiye shi inda ba laima.

Ga abin da nake so ki duba mini. Ki naɗe shi a tsumma don kada ya cije ki, ki buɗe bakinsa a hasken rana ki ga yadda ciki yake. Da safe kafin ya ci komai, ki taɓa bororonsa, jakar nan ta ƙasan wuya da abinci ke taruwa, ki ji ko ta saɓe ko tana cike. Ki shinshina bakin. Ki kuma gaya mini tun yaushe kuka fara ba shi ƙwayar, da abin da yake ci.

Sannan wata tambaya, kada ki zage ni. Me ya hana ku ɗauki muryar a waya? Ko babu layi, waya tana ɗaukar murya. Ki nemi ta wani ki ɗauka tun yanzu, ki huta da fargaba.

Ki ci abinci. Idan kika bar ɗan mutane da yunwa saboda aku, ni da ke ne.

Taki,
Bushira

*

Birnin Gwari, ƙarshen Safar

Bushira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo. Ni jikin ya yi nauyi, barci sai a zaune, amma abin cikin yana motsi, alhamdu lillahi. Kawu ma ya yi zazzaɓi ya warke.

Kina tsammanin sai da boko za a tuna da waya? Tawa ƙarama ce, ba ta ɗaukar komai. Magdalena ta ara mini tata tun muna sababbin zuwa. Na'ibi kuwa da ya ga baƙon abu kusa da keji sai ya tsuke baki ya juya mata ƙeya. Mun ɓoye ta cikin kwando, ya gane. Ranar da muka dace ya yi kira, da muka kunna ba abin da ya fito sai carar zakaran Inna da ƙarar luguden maƙwabta, muryar can ƙasa kamar daga rijiya. Na ce bari ya saba da gidan mu sake. Ina ganin akwai lokaci.

Yanzu ya daina kiran gaba ɗaya. Tun ranar Juma'ar da ta wuce ban ji komai daga bakinsa ba sai wani ɗan ƙugi.

Na yi abin da kika ce. Na naɗe shi a ɗankwalina, ko cizon bai gwada ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Cikin bakinsa fari ne, Bushira. A kan harshe da gefen baki har can ciki, wani abu ya manne kamar guntun kindirmo. Na sa tsinke da auduga zan goge, sai wurin ya yi ja yana neman fitar da jini, na bari. Bororon da safe a cike yake, lagwai-lagwai, abin da ya ci jiya yana nan bai wuce ba. Bakin kuma tsami yake yi irin na ƙullun da ya kwana biyu. Ƙashin ƙirjinsa ya fito, ina jin sa a tafin hannuna.

Kin tambayi tun yaushe. Ranar da muka baro Gwaska ruwa ya dake mu a bayan mota, ya yi ta atishawa, shi ne Inna ta fara fasa masa ƙwayar, wajen Babbar Salla ke nan. Atishawar ta tafi, amma ta ce a ci gaba don rigakafi, haka take yi wa kajinta duk damina. Da na ga takardarki kin ce kada in yanke, sai hankalina ya kwanta, na ce ashe Inna ta yi daidai. Da na ga ba sauƙi na ƙara masa, yanzu ruwan har rawaya yake yi.

Abinci kuwa, tunda ba ya iya fasa gyaɗa, koko nake dama masa da sukari da yawa, in bar masa a gwangwani ya wuni yana lasa. Wani lokaci ina tauna gyaɗar in ba shi daga bakina, haka Ladan yake yi masa. Zuma kullum safe da yamma.

Ba abin da ban yi masa ba, amma kullum baya yake yi. Magdalena ta ce sauran nawa bai fi wata da 'yan kwanaki ba. Da ba takaba nake ba, wallahi da na ɗauko kejin na shiga motar Bakoji, in mutanen daji sun tare mu su tare. Don girman Allah ki je wajen malamin nan, ko gidansa ne ki bi shi.

Juwairiyya

*

Zariya, farkon watan Mauludi

Juwai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara miki sauƙi. Ki gaida Kawu da jiki. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, Bakoji yana jirana a bakin ƙofar makaranta.

Ki daina ba shi ƙwayar nan yau ɗin nan. Ki zubar da ruwan.

Malamin ya dawo, na karanta masa takardarki, ya riƙe kai. Ba mura ba ce. Wata cuta ce dangin funfuna, 'yar uwar yis ɗin da kuke sa wa fanke ya kumbura. Irinta ce ke sa bakin jarirai ya yi fari su ƙi kama nono, Magdalena ta san ta. Ya ce dama tana zaune kaɗan a cikin kowane tsuntsu, amma akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani a cikinsa da ke danne ta. Ja-da-yalo ba ya kashe yis, waɗannan masu amfanin yake kashewa. Wata da watanni kuna share mata fili. Sukari da zuma da kokon da ya wuni ya yi tsami kuwa su ne abincinta. Shi ya sa bororon ya daina aiki, shi ya sa muryar ta tafi, don farin ya kai har maƙogwaro.

Da na ce kada ki yanke, na ɗauka a makon nan kuka fara, kwanaki kaɗan nake nufi. Da na jira amsar tambayata kafin in buɗe baki. Ki yafe mini.

Ga kwalba a cikin ledar nan, sunan maganin nistatin, ruwa ne mai kauri, shi ake ɗiga wa jarirai. Malam ya ja layi a jikin sirinjin da na haɗo, iyakar nan za ki zuƙa, ba allura. Ki ɗiga masa ta gefen baki a hankali safe da yamma kafin ya ci abinci, don sai maganin ya taɓa farin yake aiki. Kada ki ƙara kankare masa baki. Ba zuma, ba sukari, ba abinci daga bakinki, don bakin mutum ma yana ɗauke da ita. Ki dama masa garin gero da gyaɗa sabo, da ɗumi, kaɗan-kaɗan, abin da ya rage ki zubar. Gwangwanayensa ki riƙa wanke su da tafasasshen ruwa.

Na tambayi Malam ko zai tashi. Ya ce idan aka fara yanzu akwai fata sosai, aku yana da rai tara kamar mage. Na tambaye shi muryar, ya ce idan maƙogwaron ya warke babu abin da zai hana ta dawowa.

Ki rubuto da zarar kin fara.

Taki,
Bushira

*

Birnin Gwari, tsakiyar watan Mauludi

Bushira,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Ni ina nan, ba daɗi. Bayana yana ciwo, abinci ba ya shiga.

An tare ayarin motoci a hanyar Kaduna, an ƙona wasu, tun ranar ba motar da ta shigo ta can. Ba mu san inda Bakoji yake ba. Amma akwai masu bi ta Funtuwa, na ga an kawo wa mutane saƙo ta can, ni ce dai ban ga komai ba. Wannan ma wani mai sayen masara na roƙa ta hannun Magdalena ya kai miki. Na zauna na yi ta tunani, na ce ko dai Bushira ta karanta takardata ta ga abin kunya ne ta kai wa malaminta maganar aku, a ƙasar da ake binne mutane goma-goma. In haka ne ki faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Ƙarya nake, zan ji, amma ki faɗa.

Ba ke kaɗai ba ce. Shekaranjiya Kawu ya tsaya a ƙofar ɗakina ya daɗe yana kallona da tsuntsun a cinya. Ya ce shi ya wanke ɗan wansa da hannunsa, ya ga abin da harsashi ya yi masa, kuma bai kwanta ya ƙi cin abinci ba. Ya ce tsuntsun nan wahala yake sha, in bari a sa masa wuƙa ya huta, ni ma in huta.

"Juwairiyya," ya ce, "Yusha'u ba ya cikin kejin nan. Yana inda muka kai shi."

Na ce na sani, Kawu. Gaskiya ya faɗa, kuma ba da mugunta ya faɗa ba, na ga idonsa. Amma da ya miƙo hannu sai na tura Na'ibi cikin hijabina. Ban taɓa yi wa babba haka ba.

Na'ibi ba ya iya tsayawa a kan sandarsa yanzu, a ƙasan keji yake kwana. Farin ya cika bakin har ba ya rufuwa sosai. Tunda ba ya shan ruwa da kansa, ina jiƙa ƙwayar in ɗiga masa da yatsa. Ban yanke ba ko rana ɗaya, kamar yadda kika ce. Inna ma ta ce ya isa a daina, na ce a'a, likita ta hana.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai ke, na fara kasa tuno muryar. Fuskarsa tana nan, tafiyarsa tana nan, amma idan na rufe ido in ji yadda yake jan kiran asuba, sai muryar ladanin unguwar nan ta shigo ta rufe ta. Idan tsuntsun nan ya mutu, ba abin cikina kaɗai zai rasa ba.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Juwairiyya

*

Tashar Funtuwa, ranar Laraba

Juwai, kafin ki karanta sauran, ki ajiye takardar nan ki je ki zubar da ƙwayar nan duka a masai. Ita ce ke kashe shi. Je ki, zan jira.

To, assalamu alaikum. Ina lafiya, in wannan lafiya ce. Na rubuto miki tun farkon wata da magani, ashe suna cikin motar Bakoji a Kaduna, yana nan da ransa amma ya ce ko za a ba shi motar kyauta ba zai shiga hanyar ba. Da takardarki ta iso jiya na karanta inda kika ce likita ta hana, na zauna a ƙasa a tsakar makaranta. Ni ce likitar nan. Ni na sa kika yi ta ɗura masa da yatsanki.

Ban tsaya neman kowa ba, na sayi wata kwalbar na taho Funtuwa da kaina. A kan buhun wani nake rubutun nan. Wata mata mai suna Susan, 'yar cocin su Magdalena, za ta shigo Birnin Gwari yau, ta yi mini alkawarin hannu da hannu. Yadda za ki yi da maganin na rubuta a bayan takardar nan, Magdalena ta taya ki na farko. Cutar farin bakin jarirai ce, ki ce mata haka, za ta gane.

Ban taɓa jin kunyarki ba sai yau, ke ma kin sani. Ki ce wa Kawu ina roƙon arziki ya ba mu mako biyu.

Bushira

*

Birnin Gwari, watan bayan Mauludi

Zuwa ga taubashiyata Bushira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma Zariya lafiya. Ki yi wa Gwaggo Ma'u albishir, na sauka, namiji, lafiya lau, ni ma lafiya sai ɗan jiri. An yi suna makon da ya wuce, an mayar masa da sunan ubansa, muna kiransa Abba. Bakoji ya dawo hanya tun kafin in sauka, ya kawo takardarki ta farkon Mauludi da kwalbar, yana ta ba da haƙuri. Shi zai kawo miki wannan. Batun yafiya kuma ki bar shi, ke kika faɗa, ni na ƙara, Inna ta fara. Idan za a raba laifin nan kowa zai samu na miya.

Susan ta cika alkawari. Da Magdalena ta buɗe bakin Na'ibi ta ga farin, sai ta ce da tun farko na nuna mata cikin bakin da ta gane, kullum tana ganin irinsa a asibiti. Ni kuwa ban taɓa tunanin a nuna wa mai duba mutane bakin tsuntsu ba. Kwanakin farko ban ga canji ba, har na fid da rai. Daga nan farin ya fara ɓarewa da kansa, tsamin ya ragu, wata safiya na taɓa bororon na ji ya saɓe. Ranar da ya cije ni a babban yatsa har jini, na yi ta nuna wa mutanen gida kamar an ba ni kyauta. Kawu da kansa ya sassaƙo masa sabuwar sanda, ya ajiye a ƙofa ya wuce.

Na'ibi ya tashi, Bushira. Yana cin gyaɗa, yana gyaran gashi, yana hawa sandarsa. Amma har naƙuda ta zo bai ce uffan ba.

A gida na haihu da hantsi, Magdalena da Inna suna kaina. Na sa an ajiye kejin a gefen gado. Kawu ya shigo ya karɓi yaron ya yi masa kiran salla a kunne. Na zuba wa Na'ibi ido, na ce ko jin kiran zai tuna masa. Ya karkata kai yana saurare har aka gama, sannan ya ci gaba da fasa gyaɗarsa. Na ce ba komai, Malam ya ce muryar za ta dawo, yau ko gobe duk ɗaya ne.

Ranar suna da yamma, baƙi sun watse, daga ni sai Abba sai Na'ibi a ɗakin. Sai na ji ya motsa a kan sanda, ya miƙe wuya kamar yadda yake yi idan zai fara. Na tashi daga gado. Na ɗauko yaron da sauri na matso da kunnensa jikin keji.

Ya buɗe baki, murya ta fito tas, ba dishewa. Amma ba Ladan ba ne. Kuka ne na mace, irin wanda ake dannewa don kada a ji a tsakar gida, da jan hanci, da shessheƙa. Na ɗan jima kafin in gane ko wace ce. Sannan ya ce, da muryata, "Ka ci, don Allah ka ci, kada ka tafi ka bar ni." Ya maimaita. Inna ta shigo a guje tana tambayar me ya same ni, ta tarar da ni idona a bushe, tsuntsu yana kuka a madadina.

Abin da Abba ya ji ke nan. Duk watannin da na yi da tsuntsun a cinya, ashe yana ji, yana haddacewa. Tun ranar kuma ba shi da wata magana sai wannan, safe da yamma. Idan ladanin unguwa ya kira salla sai ya saurara, ina riƙe numfashi, sai ya amsa masa da kukana.

Na daina kuka a ɗakin. Idan ya taso mini sai in miƙa wa Inna yaron in zaga bayan rumbu, don kada in ƙara masa karatu. Kawu ya ga haka, yanzu kullum da asuba kafin ya wuce masallaci yana tsayawa a tagar ɗakina ya yi gyaran murya irin na gidansu, wanda Ladan yake yi kafin kira, ko tsuntsun zai kama bakin zaren. Dattijon da ya ce a yanka shi ke nan.

Tambaya ɗaya ta rage mini, ki kai wa malaminki tare da godiyata. Ki tambaye shi ko aku yana manta abin da ya haddace idan ya ɗauki sabo. Idan ya ce ba ya mantawa, ki ba Bakoji amsa ya juyo da ita. Idan ya ce yana mantawa, kada ki rubuto, ki aiko wa Abba da rigar sanyi kawai, zan gane.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki,
Juwairiyya